Gafara da Harshen Nasara

Ranar da abin ya fara ba ta zo da wata alama ba. Laraba ce a ƙarshen damina, gero ya sunkuyar da kai a gonakin bayan Kazaure, duwatsun da suka kewaye garin sun yi kore shar. Malam Abdulƙarim ya taso daga ofishin gona, ya ci abinci, ya yi la'asar, sannan ya ɗaure doguwar jakar sandunansa a bayan Vespa. Mahaifiyarsa Hajja tana zaune a bakin ɗakinta tana jan carbi, ta bi jakar da harara kamar yadda ta saba.

"Za a tafi tura ƙwai a rami ke nan," in ji ta.

"Motsa jiki ne, Hajja."

"In motsa jiki kake so, ga fartanya can a rataye."

Ya yi dariya, ya tura babur ɗinsa waje.

Shi Abdulƙarim Babarbare ne. Kakansa ne ya zo daga Borno da fatauci ya zauna, har yanzu kuma in ran Hajja ya ɓaci da Barbarci take faɗa. Mutum ne mai sauƙin kai, ba shi da abokin faɗa, sai dai yana fama da ciwon da ya kama ma'aikatan gwamnati da yawa a shekarun da kuɗin mai ya fara malala: duk abin da ya ga Bature yana yi, sai ransa ya biya. Wasu sun koyi shan lofe, wasu sun koyi cin tuwo da cokali. Shi kuwa golf ya ɗauka, wasan Turawa na buga ƙwallo da sanda har ta faɗa rami.

Turawan wani kamfani da suka zo aikin titi ne suka share filin a bayan sansaninsu, kan hanyar Roni, da suka gama aiki suka tafi suka bar shi. Ramuka shida ne kacal. Ba tafki a cikinsa, ba kwazazzabo, ba wani tarko da zai ba mutum kunya. Fili ne shimfiɗaɗɗe wanda ko ɗan koyo zai zagaye shi ya fito da mutuncinsa. Ciyawa mai laushi babu ita, sai dai a kewayen kowane rami an zuba yashi an kwaɓa shi da baƙin man mota don kada ruwa ya tafi da shi, saboda haka in rana ta take, warin gareji wurin yake yi. Abdulƙarim dai bai taɓa jin warin ba.

Abokin wasansa Barnabas ne, malamin asibiti, mutumin ƙasar Jos, wanda ya gaji sandunan daga wani Bature ya raba su biyu. Su duka biyun ba gwanaye ba ne, kuma sun san da haka. In ƙwallo ta faɗa ciyawa sai a ɗan tura ta da ƙafa, ɗayan ya yi kamar yana kallon shanu. Barnabas ne ya koya masa dokar wasan guda ɗaya da ba a wasa da ita: ƙwallon nan tauri gare ta kamar dutse, don haka in ka buga ta kauce hanya, sai ka ɗaga murya ka ce "Fo!" domin duk wanda ke gaba ya kare kansa. Kalmar ta yi wa Abdulƙarim daɗi a baki. Ko babu kowa a fili, sai ya ƙwala ta har duwatsu su amsa.

A wannan Larabar Barnabas ya makara, wani mai ciwo ya tsare shi. Suka fara wasa rana ta riga ta yi sanyi, suna tafe suna hirar taki da tsadar man fetur. Kafin su iso ramin ƙarshe rana ta koma ja, ta kwanta a kan dutse, inuwar tsohuwar tsamiyar da ke gefen ramin ta miƙe har ƙafafunsu.

"Malam Abdu, mu bar wannan sai wani jiƙon," in ji Barnabas. "Lokacin sallarku ya gabato."

"Bugu ɗaya ne. Ba na son in bar rami a buɗe."

Ya gyara tsayuwa, ya ɗaga sanda, ya buga. Ƙwallon ta tashi da kyau, sai kuma ta karkata hagu ta nufi gindin tsamiyar, inda duhu ya fara taruwa. Abdulƙarim ya cika ƙirji ya ƙwala kalmarsa. Sai suka ji ƙwallon ta sami wani abu. Ba ƙarar itace ba ce, ba ta dutse ba ce. Wata ƙara ce mai laushi, kamar an ƙwanƙwasa ƙwarya da ruwa a ciki, bayanta kuma wani ɗan siririn kuka ya taso ya katse a tsakiya. Tsuntsayen da ke hayaniya a kan tsamiyar suka yi tsit a lokaci guda.

"Ɗan akuya ne," in ji Abdulƙarim.

Suka je suka duba gindin itacen, ba akuya, ba sawun akuya, ba ƙwallo. Ƙasar wurin a share take tas, kamar tsakar gidan mace mai tsabta. Barnabas ya kama hannun rigar abokinsa ya ce su tafi, kuma har suka hau baburansu babu wanda ya waiwaya.

Abdulƙarim ya isa gida ana sallame magariba. 'Yarsa Kellu ce ta kawo masa buta. Yarinya ce 'yar shekara goma sha shida, tana hutun makarantar 'yan mata ta kwana, ita ce ta ɗaya a ajinsu, burinta kuma ta zama malamar asibiti. Turancinta ya fi nasa, shi da kansa yake faɗa wa mutane, domin a duniya babu abin da yake ƙauna kamar yarinyar nan, kuma bai iya ɓoyewa ba. Ya tsuguna zai yi alwala ke nan, dutse na farko ya sauka a kan kwanon ɗakinsa.

Matarsa Ya Kura ta leƙo daga madafa ta zagi yaran unguwa. Na biyu ya sauka, na uku ya biyo shi, sannan suka dinga zuba ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ba gaggawa, kamar mai jifan yana da lokacin duniya duka. Kellu ta ɗauki guda ta kawo gaban fitila. Farin dutse ne mulmulalle, girman ƙwan kaza, kuma da ɗumi a jikinsa. Abdulƙarim ya dubi dutsen, ya ga ya yi kama da ƙwallon da ya buga. Ana kiran isha'i jifan ya tsaya.

Kashegari haka, wanshekare ma haka. Da rana gidan lafiya lau, kaji suna kiwo, Ya Kura tana tankaɗe, amma da zarar rana ta faɗi sai kowa ya shiga taitayinsa. Maƙwabta suka yi gayya, samari suka hau katanga da tocila, wasu suka zagaye bayan gida da sanduna. Suna tsaye a kan katangar duwatsu suna wuce kunnuwansu, kuma ba daga waje suke zuwa ba, daga sama suke saukowa. Bayan 'yan kwanaki samarin suka daina zuwa. Matan unguwa suka daina aiko yara ɗibar wuta, mai tallan nono ma ta canja hanya.

Sai kuma murya ta biyo baya. Daga bayan rumbu take fitowa, muryar mace, ƙasa-ƙasa, tana maimaita kalma ɗaya. Ba kira take yi ba, juya kalmar take yi a baki, ta ja ta, ta gajarta ta, kamar mai son ta gane abin da aka ba ta.

"Fo. Fo? Fo."

Ya Kura ta rungume Kellu tana salati. Hajja ta juyo ta dubi ɗanta a hasken fitila, ta daɗe tana dubansa.

"Abdu, me ka taɓo mana a filin nan?"

"Ban ga komai ba, Hajja. Wallahi ban ga komai ba."

Gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar ba ta amfani kowa ba. Ya daina zuwa filin, ya tura jakar sandunan ƙarƙashin gado, ya yi sadakar ƙosai da waina, ya sa aka sauke Alƙur'ani a zaure. Jifan bai ragu da ko dutse ɗaya ba.

Wata yamma Kellu ta fita kwaso shanya kafin duhu. Uwarta ta ji shiru ya yi yawa, ta fito, ta same ta zaune a ƙasa ta fuskanci bango, tufafin a zube a gefe. Ta naɗe hannuwanta a ƙirji kamar mai riƙe da jariri, tana jijjiga shi a hankali. Aka kira sunanta ba ta juyo ba. Da ubanta ya dafa kafaɗarta, sai ta ɗago ta dube shi da wasu idanu da ba su san shi ba, idanun tsohuwar mace wadda ta gaji da kuka. Daga wannan yammar jifan ya tsaya cak, muryar bayan rumbu ma ta yi shiru. Babu wanda ya yi murna a gidan, domin kowa ya gane mai jifan ta shigo ciki ne.

Kellu ta daina magana, ta daina cin abinci sai ɗan kunun da Ya Kura ke ɗura mata. Da rana tana kwance kamar tsumma, da almuru kuma ta tashi zaune ta kama jijjigar abin da babu mai gani. Barnabas ya zo da jakarsa, ya auna zafin jikinta, ya duba idanunta, ya yi mata allura, ya sake dawowa ya yi wata. A zuwa na ƙarshe ya ja abokinsa zaure, ya tsaya yana juya hularsa a hannu.

"Malam Abdu, ba zazzaɓi, ba ciwon kai, jininta lafiya. Ni dai abin da na iya ya ƙare. Ka nemi mutanenku, ni ma zan sa ta a addu'a a coci."

Abdulƙarim ya zauna a kan dakali bayan tafiyarsa. Shi ne mutumin da manoma ke zuwa tambaya in tsutsa ta faɗa wa gyaɗa, shi ne mai amsa a kan komai, yau ga shi 'yarsa tana narkewa a gabansa bai san ko ta ina zai kama ba. Tsoro yake ji, tsoro irin na yaro, da kunya a kan tsoron. Ya yi kuka a wurin, bai damu da masu wucewa ba.

Hajja ce ta ambaci Malam Muhammadu Lawal na Gwiwa. Abdulƙarim ya tafi da kansa, ta hanyar da damina ta cinye, ya same shi a gonarsa yana yankan gero. Wani ɗan gajeren tsoho ne mai farin gemu da ƙaramar murya. Ya saurari labarin duka bai katse ba, har wurin tsamiya da kukan da ya katse.

"Da za ka buga, ka yi bisimilla?"

"Ban yi ba, Malam."

"Ka ce gafara?"

"Na faɗa. Amma da Turanci."

Malam ya ajiye lauje, ya kakkaɓe hannuwansa, ya ce a jira shi ya ɗauko gafakarsa.

Suka iso Kazaure bayan la'asar. Malam ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka fito da Kellu, uwarta da kakarta suka riƙe ta dama da hagu. Ya zuba garwashi a kasko, ya ajiye ƙwaryar ruwa a gefensa, sannan ya juyo wurin maigidan.

"Ni kaɗai zan yi magana da ita. Ko me ka ji, ko sunanka ta kira, kada ka amsa. Abin da suka ƙwata ina iya ƙwato shi da ikon Allah. Abin da uba ya bayar da bakinsa kuwa, ba ni da hannu a kansa. Ka ji ni?"

"Na ji, Malam."

Rana ta sauka bayan dutse. Inuwar katanga ta rufe tsakar gidan, kaji suka shige akurki ba wanda ya kora su. Malam ya barbaɗa wani garin magani a wuta, hayaƙi mai ɗaci ya tashi, ya kama ƙaramin yatsan yarinyar ya fara karatu. Ya daɗe yana yi, muryarsa ba ta hawa ba ta sauka. Kellu ta fara rawar jiki, ta sandare, ta yi wani gurnani da bai kamata ya fito daga wuyan yarinya ba. Sannan ta tashi zaune, ta naɗe hannuwanta a ƙirji, ta buɗe baki.

"Ya isa, tsoho. Kana tayar mini da yaro."

Murya ce ta babbar mace, a dishe. Ya Kura ta runtse ido, hawaye suna zuba.

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Adda."

"Ina ne gidanki?"

"Tsamiyar da suka haƙa rami a ƙofarta. Tun babu garin nan muke wurin."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ita ba ta yi mini komai ba. Ga wanda ya yi can, yana tsaye kamar bai san ni ba."

Abdulƙarim ya jingina da bango. Aljanar ta ci gaba, ba da ihu ba, a hankali, kamar mai kai ƙara gaban alƙali. Ta ce da jajayen mutanen nan suka zo suka share musu kiwo, sun yi haƙuri. Da suka zuba baƙin mai a inda yaransu ke wasan ƙasa, sun ja da baya sun bar musu. Su dai jajayen da rana tsaka suke haukarsu, lokacin da kowa yana cikin gida. Almuru kuwa lokacinsu ne, kowa ya sani, a lokacin ne suke fito da yara shan iska.

"Bafillace in zai jefi saniyarsa a wurin, yana ce mana gafara, mu kauce. Bahaushe in zai zubar da ruwan zafi yana bisimilla, mu janye ƙafa. Kakan wannan da ya sauka da jakunansa a inuwata, da Barbarci ya yi mana sallama, kuma mun amsa. Duk muna ji. Shi kuwa ya tsaya ya yi wani haushi da ban taɓa ji an yi mana ba. Na tsaya ina tunanin me yake nufi, ɗana ya ɗaga kai ya ga mai kiran, dutsensa ya same shi a nan."

Hannun Kellu ya tashi ya taɓa gefen kunnenta.

"Ya mutu?" Malam ya tambaya.

"Bai mutu ba. Bai kuma sake magana ba. Yaron da bakinsa ba ya hutawa, yanzu sai ido. Na zo na yi ta maimaita musu kalmar ko wani zai gaya mini ma'anarta, babu wanda ya kula ni."

"Gafara take nufi. Gafara ya nema, bai san ba kwa ji ba."

"To ya nema a wurin masu ji."

Ko Malam ya san maganarta tana da kan gado. Sannan ya tambaye ta abin da take so. Ta ce yarinyar take so, za ta tafi da ita ta zauna tana yi wa ɗanta hira har ya girma. Malam ya ce wannan ba za ta samu ba, ya ƙara magani a wuta, ya koma karatu da ƙarfi, yana tofa ruwa a fuskar yarinyar. Jikin Kellu ya dinga bankarewa, matan biyu suna riƙe da ita da ƙyar. Abdulƙarim ya cusa hannun riga a baki ya cije. Da aljanar ta gaji ta ce a tsaya, Malam ya tsaya.

Aka shiga ciniki. Ya yi mata tayin baƙin bunsuru, ta ce tana da garke. Ya ce za a kai ƙwaryar nono gindin tsamiya duk Alhamis, ta ce nono ba ya buɗe bakin yaro. Ya ce za a cike ramukan, a kwashe yashin mai, ba mai sake buga ƙwallo a wurin. Ta ce wannan dole ne, amma ba shi ne diyya ba. Duk wannan lokacin numfashin Kellu yana ƙara gajarta, leɓɓanta sun bushe sun yi fari, kanta yana langaɓewa a kafaɗar uwarta. Uban yana kallo, yana ganin ana ja-in-ja a kan 'yarsa tana ƙarewa.

"To faɗi abin da zai raba mu," in ji Malam.

"Harshe ne ya cuce ni. Harshe zan ɗauka."

Abdulƙarim ya ji maganar ta faɗo masa kamar an buɗe ƙofa. Turancin da ke bakinsa take nufi, shi ne ya cuce ta. Me zai yi da shi? Ya rasa aikin, ya koma noma, ya zama abin dariya a ofis, duk da sauƙi. Bai san lokacin da ya baro bango ba.

"Ki ɗauka! Na ba ki, ki ɗauka ki sakar mini 'yata!"

Malam ya juyo a firgice, fuskarsa ta canja. Bakin Kellu ya yi wani murmushi da ba nata ba, sai kuma ta kama kakari, harshenta ya fara zazzagowa waje yana baƙi, idanunta suka firfito. Ya Kura ta ƙwala ihu. A nan ne Abdulƙarim ya gane kalmar tana da fuska biyu, kuma bai tambayi wadda ake nufi ba.

Malam ya damƙe yatsan yarinyar da ƙarfi har ya yi ƙara, ya kai bakinsa kunnenta.

"Tsaya! Da bakinki kika ce wanda ya cuce ki. Naman bakin yarinyar nan bai cuce ki ba, kuma Allah yana jin mu. Wane harshe ne ya cuce ki? Faɗi!"

Hayaƙi ya tsaya a tsakar gidan ba ya motsi. A hankali harshen ya koma, Kellu ta ja numfashi mai ƙara.

"Kai tsohon nan ka cika wayo," in ji muryar, a gajiye. "Na Nasara."

"Shi kaɗai?"

"Shi kaɗai."

"To daga bakin wa za ki..."

Kellu ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sake yi, ta sake yi, sannan ta sulale a jikin uwarta. Wata iska ta bi ta kan katanga ta kaɗa ganyen darbejiya ta wuce. Can cikin gari ladan ya fara kiran isha'i.

Yarinyar ta buɗe ido, nata idanun, ta dubi mutanen da ke kanta, sannan ta kira uwarta.

"Ya, yunwa nake ji."

Gidan ya kaure da kuka da hamdala. Hajja ta yi sujada a kan ƙasa. Abdulƙarim ya koma gefe, ya gwada kansa a ɓoye: ya ƙirga da Turanci, ya karanta rubutun da ke jikin gwangwanin madara, ya tuno sunayen magungunan ƙwari. Komai yana nan, ko kalma ɗaya ba ta ɓace ba. Daɗi ya kama shi, ya ɗauka karatun Malam ne ya kore ta hannu wofi. Ya je ya durƙusa yana godiya, ya gaya masa.

Malam bai yi murmushi ba. Ya ɗaure gafakarsa, ya ƙi cin tuwon da aka kawo masa.

"Na ce maka kada ka amsa," ya ce a hankali. "Ba a jikinka ta sauka ba, Malam Abdu."

Abdulƙarim ya ji maganar, amma bai bar ta ta shiga ba. Yarinya tana ci, tana dariya, tana tsokanar kakarta, ƙiba tana dawowa. Shi da Barnabas suka je da rana tsaka suka cike ramukan nan shida, suka kwashe yashin. A gidan da Hausa da Barbarci ake magana, don haka babu abin da ya nuna. Sau da yawa ya yi niyyar ya gwada ta da kalma ɗaya, sai ya fasa, ya ce bari ta ƙara samun ƙarfi.

Da hutu ya ƙare ya ɗaura akwatinta a bayan Vespa ya kai ta makaranta da kansa, cikin fararen kayanta masu guga. Ba a yi mako ba aka aiko ya zo. Shugabar makarantar, wata mace mai kirki, ta zaunar da shi ta yi masa bayani cikin tausayi da ruɗewa. Yarinyar ba ta gane ko gaisuwa. An ba ta littafin 'yan aji ɗaya ta riƙe shi a juye. Malamai sun zauna da ita sun koya mata kalmomi da safe, ta maimaita su daidai, kafin azahar sun zube kamar an zuba ruwa a kwando. Karatunta na allo yana nan, lissafin kai yana nan, hankalinta garau. Shugabar ta ce a kai ta babban asibiti a Kano. Da Turanci take yi masa wannan bayani duka, shi kuma da Turanci yake amsa mata, kowace kalma tana fita daga bakinsa sumul, yana jin kamar daga bakin 'yarsa ya sato ta.

Ya same ta a bakin ƙofar makaranta zaune a kan akwatinta. Ba ta yi kuka ba, ta dai cire ɗankwalin makarantar ta ninke shi a cinya.

"Baba, bakinsu kawai nake gani yana motsi," ta ce. "Na san na taɓa sani. Ina jin wurin da yake, amma babu komai a wurin."

Ya ɗaure akwatin, ta hau bayansa ta riƙe rigarsa. Suka kama hanyar gida a hankali, ta cikin gonakin da aka gama girbe. Sun yi nisa kafin ta matso da bakinta kusa da kunnensa, saboda ƙarar injin.

"Baba, zai dawo, ko?"

Shi da ya yi saurin amsa wa aljana, sai ga shi ya kasa amsa wa 'yarsa. Ta jira, ta ƙara jira. Da ta ji bai ce komai ba, sai ta kwantar da kanta a bayansa, ya ji ɗumin hawayenta yana ratsa rigarsa har suka shiga gari.